Matse Hoto: Yadda Ake Rage Nauyinsa Ba Tare da An Ɓata Shi Ba

Gabatarwa

Ɗalibin da ya taɓa cike fom ɗin neman shiga babbar makaranta ta intanet ya san wannan matsala. Yakan baro Furfuri ko Bunguɗu ko Tsafe, ya biya kuɗin mota zuwa Gusau, ya shiga shagon kwamfuta, a rubuta sunansa da sakamakon jarrabawarsa lafiya lau. Da an zo wurin ɗora hoto sai shafin ya ƙi karɓa, ya ce hoton ya yi nauyi, ko kuwa ba irin wanda ake bukata ba ne. Wani lokaci shafin ba ya cewa komai, sai dai layin ya yanke kafin hoton ya gama tafiya, a sake daga farko. Haka nan malamin da yake son aika wa ɗalibansa hotunan darasi ta waya yakan tarar datarsa ta ƙare tun bai kai rabi ba. Tun da hukumar kula da harkokin sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, wannan magana ta zama ta aljihu kai tsaye.

A wannan maƙala za a bayyana abin da ake nufi da nauyin hoto, da dabarun da masana suka ƙago domin rage shi, da kuma yadda ake juya hoto daga wani tsari zuwa wani.

Mene ne Nauyin Hoto?

Kwamfuta ba ta ganin hoto yadda ido yake ganinsa. A wurinta hoto jerin ƙananan ɗigo ne da aka shirya sahu-sahu, tamkar saƙar tabarma. Kowane ɗigo, wanda ake kira fiksel, yana da launi guda, kuma ana samun launin ta hanyar gauraya haske iri uku: ja da kore da shuɗi. Ana auna ƙarfin kowane ɗaya da lamba daga 0 zuwa 255, wato matakai 256. Wurin da lamba ɗaya irin wannan take ci a ƙwaƙwalwar na'ura shi ake kira bait. Ke nan kowane ɗigo yana cin bait 3. In aka ninka 256 sau 256 sau 256 za a sami launuka 16,777,216, waɗanda suka wadatar da idon ɗan'adam a harkar yau da kullum.

Yanzu sai lissafi. Wayar hannu mai kyamarar megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsaye, jimilla ɗigo miliyan 12. A ninka da 3, an sami bait miliyan 36, wato megabait 36. Malaman da suka yi aiki da faifan filofi mai ɗaukar megabait 1.44 za su gane girman abin: hoto ɗaya tak sai ya cinye faifai 25. Amma in mai karatu ya duba wayarsa, zai ga irin wannan hoto yawanci bai wuce megabait 2 zuwa 5 ba. Ina sauran suka tafi? Wayar ta riga ta matse hoton tun lokacin da aka ɗauke shi.

Matsi Iri Biyu

Mutanen ƙasar Gusau da Funtuwa, inda masana'antun gurzar auduga suka daɗe, ba za su sha wahalar fahimtar wannan ba. Abu biyu ake yi wa auduga kafin a yi jigilarta. Na farko a gurje ta a fitar da angurya. Abin da aka fitar ya fita ke nan, ba ya komawa. Na biyu a danne ta da inji a ɗaure. Ta ƙanƙance, amma ko zare ɗaya bai ɓata ba, in an kwance za ta koma yadda take. Matsin hoto ma haka yake. Akwai matsi marar asara, wanda in an buɗe hoton kowane ɗigo zai dawo daidai. Akwai kuma matsi mai asara, wanda ake zubar da wani sashe na bayanin har abada.

Matsi marar asara ya dogara ne ga maimaici. A ɗauki hoton farar takarda mai rubutu kaɗan. Maimakon na'ura ta rubuta "fari" sau 500 a jere, sai ta rubuta "fari, 500" kurum. Wata dabarar kuma ita ce wadda David Huffman ya wallafa a 1952, bayan ya gano ta yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka: a ba abin da ya fi yawan fitowa gajeriyar alama, a bar doguwar alama ga wanda ba ya fitowa sai jefi-jefi. Da za a yi wa rubutun Hausa haka, harafin "a" ne zai sami alama mafi gajarta, domin babu harafin da ya kai shi yawa, su "ɓ" kuwa su ɗauki dogaye. Daga baya Abraham Lempel da Jacob Ziv suka fito da tasu hanyar a 1977 da 1978, inda na'ura take tuna jerin da ta taɓa gani, in ya sake fitowa sai ta yi nuni da na baya maimakon ta sake rubuta shi.

Matsalar ita ce hoton da kyamara ta ɗauka ba shi da irin wannan maimaici sosai. Gonar gero da aka ɗauka da damina kore ce a ido, amma a lambobi kusan kowane ɗigo ya ɗan bambanta da maƙwabcinsa. Domin haka matsi marar asara ba ya rage irin wannan hoto da yawa. Dole sai an yarda a yi asara.

JPEG da Hikimar Zubarwa

Tsarin JPEG ya samo sunansa daga kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1986, wanda ya fitar da ƙa'idar a 1992. Ya kamata ɗalibi ya fahimce shi da kyau, domin tsare-tsaren da suka biyo baya a kan tubalinsa suka yi gini. Tambayar da masu tsara shi suka yi ita ce: wane bayani ne za a zubar ido bai lura ba?

Amsa ta farko tana cikin halittar ido. Idon mutum ya fi gane ƙananan bambance-bambance na haske da duhu fiye da na launi. Saboda haka sai a raba bayanin kowane ɗigo gida biyu: lamba ɗaya ta haske, lambobi biyu na launi. Ana barin ta haske yadda take. Na launi kuwa, a hanyar da aka fi bi, sai a haɗa ɗigo huɗu maƙwabta su yi tarayya. A da ɗigo huɗu suna da lambobi 12. Yanzu suna da 4 na haske da 2 na launi, wato 6. An yar da rabin bayanin tun ba a fara ainihin aikin ba, kuma da wuya mai kallo ya ce ga abin da ya canja.

Mataki na biyu shi ne zuciyar al'amarin. Ana yanka hoton ƙananan murabba'ai, kowanne ɗigo 8 a faɗi 8 a tsaye, wato ɗigo 64. Sa'an nan a yi wa kowane murabba'i wani lissafi mai suna DCT, wanda aka gina a kan kosayin, wannan dai kosayin da ɗalibai suke haɗuwa da shi a darasin kusurwoyi suna tambayar amfaninsa. Wanda ya ƙago shi injiniya ne haifaffen Bangalor ta Indiya mai suna Nasir Ahmed, wanda ya wallafa shi a 1974 tare da T. Natarajan da K. R. Rao. Abin da lissafin yake yi shi ne ya sake bayyana murabba'in a matsayin gaurayen zane-zane 64 sanannu. Na farko shafaffe ne, launi ɗaya babu zane. Masu bi masa suna da ratsi masu faɗi, a tsaye ko a kwance. Haka ratsin yake ta ƙanƙancewa har zuwa na ƙarshe, mai kama da ƙananan gidajen dara. Ga kowane zane akwai lamba da take nuna yawan gudummawarsa. Har zuwa nan ba a rage komai ba: lambobi 64 suka shiga, 64 suka fito. Amfanin shi ne a yawancin hotuna, kamar sararin sama ko bango ko fatar fuska, kusan dukan bayanin yana taruwa a 'yan zanen farko, na ƙarshe kuwa lambobinsu ƙanana ne ƙwarai.

A mataki na uku ake gurzar. Ana raba kowace lamba da wata lamba daga wani jadawali, a yar da ɓurɓushin da ya rage. Zane masu faɗi ana raba su da ƙananan lambobi domin kada su ɓaci, ƙananan ratsi kuwa da manya. Alal misali, in lambar wani ƙaramin ratsi 5 ce aka raba ta da 40, amsar ta fi kusa da sifiri, sai a rubuta 0. Wannan ratsin ya tafi ke nan. Bayan an gama, akasarin lambobin 64 sun zama sifiri. Daga nan sai a jera su, a ƙidaya sifirin da suke bin juna, a rufe da dabarar Huffman. Da wannan hanya hoto yakan koma kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ba tare da ido ya ga wani bambanci a fili ba.

Lambar inganci da manhajoji suke nunawa, daga 1 zuwa 100, wannan jadawali take juyawa. In an rage ta sai lambobin rabawa su ƙaru, sifiri su yawaita. Ya kamata a lura cewa 80 ba ta nufin an bar kashi 80 cikin ɗari na hoton. Ma'auni ne kawai, kuma 80 ta wata manhaja ba lalle ta zo daidai da ta wata ba. In aka matsa da yawa, sai murabba'an su fara bayyana a fuskar mutum kamar an yi masa faci, gefen haruffa kuma ya yi hazo.

GIF da PNG

Tsarin GIF ya girmi JPEG. Kamfanin CompuServe ne ya fito da shi a 1987, kuma ba ya ɗaukar launi fiye da 256 a hoto guda. A ƙarshen 1994 aka sanar cewa masu rubuta manhajojin da suke amfani da shi za su riƙa biyan kuɗi, domin kamfanin Unisys yana da haƙƙin mallakar dabarar matsin da take cikinsa. Wannan ya fusata masana da dama, suka haɗu suka tsara PNG, wanda kowa zai yi amfani da shi kyauta. An tabbatar da shi a matsayin ƙa'idar yanar gizo ranar 1 ga Oktoban 1996, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Ke nan sa'o'in juna ne.

PNG ba ya asara. Ya dace da zanen darasi, da taswira, da tambarin makaranta, da hoton fuskar waya mai rubutu. Amma kuskure ne babba a adana hoton fasfo ko na taro a cikinsa, domin zai ninka na JPEG nauyi sau da yawa, alhali ido ba zai ga ribar ba.

Sababbin Tsare-tsare

A 2010 kamfanin Google ya fito da WebP, wanda aka ciro daga dabarar matse bidiyo mai suna VP8. Abin da ya ƙara a kan JPEG shi ne hasashe. Kafin ya rubuta wani murabba'i, sai ya dubi waɗanda suke samansa da hagunsa, ya yi kirdadon yadda wannan zai kasance, sa'an nan ya adana bambancin da ke tsakanin kirdadon da gaskiya kaɗai. In bango ne mai launi ɗaya, bambancin kusan babu. Bisa gwajin da kamfanin ya yi da kansa, WebP ya fi JPEG sauƙi da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari a inganci iri ɗaya, nau'insa marar asara kuma ya fi PNG sauƙi da kashi 26. Tun da mai kaya ne ya auna kayansa, hankali ya ce a riƙe alƙaluman da sassauci. A kan wasu hotunan ribar ba ta kai haka ba. Ya ɗauki shekaru kafin ya karɓu: Firefox ta fara buɗe shi a 2019, Safari ta Apple a 2020. Duk mai aika sitika a WhatsApp yana amfani da WebP ko bai sani ba.

AVIF ya fito a 2019 daga wata gamayyar kamfanoni mai suna Alliance for Open Media, kuma shi ma daga bidiyo aka ciro shi, wato AV1. Ba ya tsayawa a kan murabba'i mai girma ɗaya: inda hoto yake shafaffe sai ya yanka babba, inda yake da tarkace ya yanka ƙanana. Yawanci ya fi WebP matsewa, musamman in ana son hoto ya yi ƙanƙanta ainun. Aibinsa shi ne yana cin lokaci wajen matsewa, kuma yakan shafe ƙananan zane, har saƙar hula ko aikin wuyan riga su yi sumul kamar an goge. Akwai kuma HEIC, wanda wayoyin iPhone suke ɗaukar hoto da shi tun 2017, shi ne kuma yakan ƙi buɗuwa a tsofaffin kwamfutocin shaguna.

Yadda Ake Juyawa

Abu na farko: canja sunan fayil ba juyawa ba ne. Wanda ya goge "webp" a ƙarshen suna ya rubuta "jpg" ya canja rubutun bayan buhu ne kawai, abin da ke ciki yana nan. Juyawa ta gaskiya ita ce manhaja ta buɗe hoton ta mai da shi ɗigo-ɗigo, sa'an nan ta sake matse shi da sabon tsari.

Daga nan wata ƙa'ida take fitowa. Duk lokacin da aka matse hoto da tsari mai asara, ana sake zubar da wani abu. Hoton da aka juya daga JPEG zuwa WebP, aka mai da shi JPEG, aka sake juyawa, yana lalacewa kamar takardar da ake ta yi wa fotokwafi daga fotokwafi. Juya shi zuwa PNG kuma ba ya dawo da abin da ya ɓata, nauyi kawai yake ƙarawa. Saboda haka a adana hoton asali a wuri guda, kowane sabon kwafi a ciro shi daga can.

Abu mafi muhimmanci, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne rage yawan ɗigon kafin a yi maganar tsari. Hoto mai 4,000 da 3,000 in aka mai da shi 800 da 600 ya koma ɗigo 480,000, wato kashi ɗaya cikin 25. Babu wani sabon tsari da zai ba da riba irin wannan. Hoton fasfo da za a gani a ɗan lungun fom ba ya bukatar ɗigo miliyan 12. A yanke gefen da ba a so, a rage girman, sa'an nan a sa inganci wajen 75 zuwa 80 a duba fuskar da ido. A ƙaddara gigabait ɗaya na data: zai ɗauki hotuna 250 masu megabait 4, amma zai ɗauki 10,000 masu kilobait 100. In kuma layi ya yi rauni har yana tafiyar kilobit 100 a daƙiƙa, hoto na farko sai ya yi fiye da minti 5 yana tafiya, na biyu kuwa daƙiƙa 8.

Wane tsari za a zaɓa? In hoton zai shiga fom ne, a bi abin da fom ɗin ya ce, kuma mafi yawansu JPEG suke nema. Ɗalibin da ya kai WebP ko HEIC inda aka ce JPEG zai dawo gida da hotonsa, komai ƙanƙantarsa. In kuwa makaranta ce take gina shafinta na intanet, WebP ya fi dacewa, domin manyan manhajojin buɗe shafuka duk suna karanta shi, kuma iyayen da za su duba shafin da ƙaramar waya su ne za su ci ribar.

Game da kayan aiki, akwai shafuka masu yawa da suke juya hoto kyauta, amma akasarinsu sai an tura musu hoton tukuna. Wanda ya tura megabait 4 domin ya guje wa tura megabait 4 bai tsira da komai ba. Bugu da ƙari, ya miƙa hoton takardar shaidarsa ko katinsa na ɗan ƙasa ga wanda bai sani ba. Gara manhajar da take aiki a cikin na'urar kanta, kamar Paint ko GIMP a kwamfuta, ko Squoosh da Google ya fitar a 2018, wadda take matse hoton a cikin wayar ba tare da ta aika shi ko'ina ba. Mutanen Zamfara, waɗanda aka rufe wa layukan waya a faɗin jihar a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, sun san darajar kayan aikin da ba ya jiran layi.

Abin da Hoto Yake Ɓoyewa

Fayil ɗin hoto ba ɗigo kaɗai yake ɗauke da su ba. A cikinsa akwai wani ɗan sashe mai suna EXIF, inda waya take rubuta irinta, da rana da sa'ar da aka ɗauki hoton. In an kunna mata na'urar gane wuri, har da lambobin da suke nuna daidai inda aka tsaya, kusan zuwa ƙofar gida. Nauyin wannan sashe kaɗan ne, amma a yankin da ake fama da sace mutane ba ƙaramin abu ba ne hoton ɗalibai ya fita ɗauke da taswirar makarantarsu ko gidansu. WhatsApp yana cire shi in an aika hoton a matsayin hoto, amma in an aika shi a matsayin fayil yana tafiya da komai nasa. Wasu manhajojin juyawa suna cire shi, wasu kuma suna kwashe shi zuwa sabon fayil ɗin, don haka sai an duba. Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga saitin kyamara a kashe rubuta wuri tun kafin a ɗauki hoton.

Gwaji Domin Aji

Malami zai iya nuna matsi marar asara ba tare da kwamfuta ba. A ba kowane ɗalibi takarda mai gidaje 10 a faɗi 10 a tsaye, ya zana harafi ɗaya ta hanyar baƙanta wasu gidajen. Sa'an nan ya rubuta kowane sahu da ƙidaya, kamar "fari 3, baƙi 4, fari 3", ya miƙa wa abokinsa lambobin kaɗai, shi kuma ya sake zana harafin daga gare su. A ƙirga lambobin da aka rubuta a gwada da gidaje 100 na asali. Daga nan a sa su baƙanta gida ɗaya su tsallake ɗaya har takardar ta cika, su sake ƙidayawa. Za su tarar kowane gida yana bukatar lambarsa, wato 100 cif, matsin bai rage komai ba.